Furannin Suna Ciki

Shekara talatin da ɗaya Iya Aljihu ta yi a kamfanin ɗinkin wanduna, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗinka wando ba. A dogon zauren nan mai kekuna layi-layi kowa da yankinsa: wata ƙafar wando, wata zik, wata maɓalli, ita kuwa aljihu, na dama da na hagu, tun safe har a kaɗa ƙararrawar tashi. Takan ce rabin mazan garin, in ana musu faɗa a gida, cikin aikinta suke ɓoye hannu. Amma in ka ce ta nuna maka aikin nata, sai dai ta tare wani a titi ta ce ya zazzago aljihunsa.

A gida kuwa cikakkiyar tela ce. Ita ta faɗa, kuma ba wanda ya taɓa musa mata, don bakin Iya ya fi allurarta tsini. Da ta ajiye aiki ta kawo keken ɗinki na ƙafa ta kafa shi kusa da taga, ta lulluɓe shi da farin ƙyalle, tana zuba masa mai duk mako. In an kawo mata ɗinki kuwa, ranar ce idonta ke ciwo, ko zaren bai dace da yadin ba. 'Yarta, mai aikin jinya, ta daɗe da gano bakin zaren, ta dai ja bakinta ta yi shiru.

Jikarta ce ba ta gano ba. Shekararta bakwai, ana ce mata Rediyo saboda har yau ba a san inda ake kashe ta ba. Wata Laraba ta faɗo ɗaki ko takalmi ba ta cire ba.

"Iya, jibi za a ba mu hutu, Malama ta ce za a raba alawa, kowa ya zo da 'yar jaka mai zariya. Su duk saya musu za a yi. Ni na ce kakata tela ce, ita za ta ɗinka min, har da shafi a ciki."

"Wa da wa kika gaya wa?"

"Kowa. Har mai gadi."

Yarinyar nan ita kaɗai ta rage a duniya da ta yarda da maganarta ɗari bisa ɗari, kuma Iya ta ji tsoron ranar da za ta gane kakarta ba ta taɓa haɗa abu guda daga farko har ƙarshe ba. Amma ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Jaka kawai? Ni na zaci kwat za ki ce."

Washegari da gida ya watse ta yaye wa keke lulluɓi. Ga guntun yadi mai jajayen furanni da Rediyo ta zaɓa da kanta a akwatin uwarta, daidai jaka ɗaya ba ragi. Ga kuma wani ruwan toka na shafi. Iya ta zauna ta zuba musu ido kamar an kawo mata takardar jarrabawa. Can sai ta ce a ranta, wai mece ce jaka in ba aljihun da ya bar wando ya kama gabansa ba? Nan take tsoro ya sake ta.

Ƙafa ta hau feda, keke ya ɗauka. Ta yanka, ta haɗa, ta bi kowane gefe sau biyu yadda ta saba, ta bar 'yar kafa ta juyo da jakar ta nan, ta rufe kafar da hannu. Ta ɗinka ƙubaka, hanyar da zariya za ta bi, ta maƙala wa igiyar fil ta tura ta har ta ɓullo. Tana yi tana 'yar waƙa, ba ta ma san tana yi ba. Abin da ya faru shi ne kanta ya tafi hutu ya bar wa hannu aiki, hannun kuwa doka ɗaya ya sani tun yana yaro: kyakkyawar fuskar yadi ciki take kallo, inda yatsu za su taɓa, don bayan aljihu ba mai ganinsa.

Da ta goge ta ɗaga, sai ga jaka ruwan toka, kamar ta ajiyar ƙusoshi. Furannin kaf suna ciki.

'Yarta ta dawo daga asibiti da azahar, ta gani, ta yi dariya har da riƙe ƙofa.

"Iya, juya ta mana."

Aka juya. Furanni suka fito, amma bakin zariyar ya koma ciki, sai ka shiga jakar kafin ka tsuke ta.

"To ki farke."

"Ɗinkina ne zai farku? Kin taɓa jin an dawo da wando don aljihuna ya ɓule?"

Gaskiya ta faɗa. Sun gwada da reza, yadin ya nuna shi zai riga zaren mutuwa.

"Bari in biya ta kanti in sayo mata," in ji 'yar, ta rage murya. "Mu ce ke kika ɗinka. Ba za ta gane ba."

Iya ta daɗe tana juya maganar, don ta yi mata daɗi. Amma ta dubi layin ɗinkin nan, miƙe sambal, ba inda ya karkace, ta ji ba za ta iya jefa shi bayan gado ba. Shi ne abu na farko da ta gama da hannunta.

Da Rediyo ta dawo Iya ta zaunar da ita a bakin gado.

"Zo nan, ƙawata. Ga jakarki, ta fito a juye. Kuma ni ba tela ba ce irin wadda kika gaya musu. Aljihu kawai na iya, shi na yi ta yi tun kafin a haifi uwarki."

Rediyo ta karɓa. Ta duba waje, ta leƙa ciki, ta zura hannu har gwiwa. Ba ta ce komai ba. Shirun nan ya fi kowace magana yi wa Iya ciwo, kuma ranar ko abincin kirki ba ta ci ba. Da safe yarinyar ta cusa jakar cikin ta littattafai ta tafi.

Tun kafin lokacin tashi Iya tana tsaye a kwanar makaranta, wai ta fito miƙe ƙafa ne. Yara suka ɓarko, kowa da 'yar jakarsa mai ƙyalli. Can ga Rediyo, jaka ruwan toka a wuyan hannu, ta cika ta yi tim har zariya ta kasa rufe bakinta.

"Ke, wannan duk rabonki ne?"

"A'a. Ce musu na yi furannin suna ciki, duk mai son gani sai ya jefa alawa ɗaya. Malama ma biyu ta jefa."

"Kin dai ce musu kakarki tela ce?"

"Na ce na yi kuskure, mai aljihu ce. Akwai masu kaka tela har uku a ajinmu, Iya. Mai aljihu ni kaɗai ce."

Ta yi gaba tana lilo da jakar, tana jero sunayen waɗanda suka leƙa sau biyu. Iya ta biyo ta a baya. Ba ta taɓa ganin aikinta yana tafiya a titi rana na dukansa ba sai yau, kuma daɗin ya kusa fin ƙarfinta. Da suka iso mararraba Rediyo ta karya za ta bi lungun da ya fi kusa da gida, Iya ta kamo hannunta ta ce su bi ta babban titi.