Mai Ƙosan da Ta Yi Murna da Zazzaɓi

A bencin wani ƙaramin asibiti a Narayi nake zaune, a daminar nan da sojoji suka koma bariki, ina kallon wata mata da ban sani ba. Zanenta na ƙanshin mai, bayan hannunta duk tabon ƙuna ne. Ina jin tuyar ƙosai take yi. A cinyarta akwai ƙaramar yarinya, jiki zafi rau.

Tana gaya wa ta kusa da ita cewa ta ba yarinyar kulorokwin, maganin zazzaɓin cizon sauro, har ta wuni tana susa. A wajenmu, in magani ya sa ƙaiƙayi, to ya yi aiki. Tunda zafin bai sauka ba, ta sa a ranta sikila ce, wadda ta ɗauke mata ɗanta na fari.

Mai awon jini ya leƙo. "Maman Hadassah, ba sikila ba ce. Zazzaɓin cizon sauro ne."

"Amma ta yi susa fa, Malam!"

"Mama, ƙwayar cutar nan dangi gare ta, kamar mutane. Wannan zuriyar ta daina jin kulorokwin. Likita zai canja magani."

Mu da Sista ta ɗura wa kwinin a makarantar mishan, cuta ɗaya muka sani, magani ɗaya. Ashe ita ma tana da kakanni da jikoki.

Matar ta kwance ɗankwali tana share ido, dariya na kufce mata. "Zazzaɓi ne kawai! Allah na gode." Ta saɓa 'yarta, ta nufi ɗakin likita da sauri.

Duk tsufan nan nawa, ban taɓa ganin an yi wa zazzaɓi maraba haka ba.