Saƙon Kaka da Garayar Turawa

Jiya a wani shagon tsofaffin kaya a unguwar Ruwais, nan Jidda, na ga rikoda irin ta dā, na kai yatsa na danna. Ƙarar maɓallin nan, ƙwas, ita ta mayar da ni tsakar gidanmu na unguwar Madain Fahd, ina ɗan shekara goma sha uku.

In ba ka riski zamanin ba, bari in gaya maka yadda muke aika wasiƙa. Kaka, mahaifiyar babana, ba ta rubutu. In tana son gaisawa da ƙanwarta da ke ƙauyenmu na bakin kogi a Sudan, sai a ajiye mata rikoda ta yi ta magana, a ba wani alhaji mai komawa gida ya kai. Babana kuwa ba ya sayen sabon kaset muddin tsoho na numfashi. Ya gano cewa a haraj, kasuwar gwanjo, kaset ɗin waƙoƙin da Turawan kamfani suka bari sun fi sabon da ba komai a kansa araha. Sai ya kwaso su a leda, a toshe ɗan ramin gefen kaset da takarda, a shafe waƙar da muryar Kaka. Halas, shi ke nan.

Danna maɓalli aikina ne, don haka ni ke fara jin abin da za a shafe. Yawancinsu ba su dame ni ba, har ranar da na zaro wani mai bango shuɗi da ja, launukan sun murɗe kamar an zuba mai a ruwa, ga wasu ƙattai masu gashi har kafaɗa. Na kunna. Wayyo Allah! Jita tana kuka, tana lanƙwashewa, sautin ya tafi ya dawo kamar daga cikin rijiya. Waƙa ta biyu kuma daban: mace ɗaya da sarewa, sanyin murya kamar tana lallashin jariri. Kowace waƙa da masu ita.

Kawuna direba, wanda ya ɗan iya Turanci, shi ya warware mini. Ya ce kaset ɗin ɗanɗano ne: a tsinci waƙa ɗai-ɗai daga ƙungiyoyi goma sha, a sayar da araha, yadda mai dabino ke ba ka ɗaya ka ɗanɗana don ka dawo ka sayi buhu. Ni dai buhu ya fi ƙarfina, sai na zauna a kan ɗanɗanon. Na haddace sunayensu kaf, ina karanta su a karkace da Turancin makaranta.

Ranar da Kaka ta fara ji sai ta ce, "Ya walad, kai yaro, zafi ne ya narkar da shi?"

Na ce, "A'a Kaka, haka suka yi shi."

"Da gangan? Ashe su ma suna da 'yan bori." Tun daga nan ta sa masa suna garayar Turawa.

Bayan aikin hajji na shekarar, lokacin gumin nan na Jidda da riga ke manne wa mutum tun da hantsi, aka ce wani alhaji ɗan ƙauyenmu zai bi jirgin ruwa. Aka duba leda, ba sauran kaset sai nawa. Sai Shaiɗan ya kawo mini dabara: na rage sauti har ƙasa, na danna maɓallin kunnawa kawai, na bar jan maɓallin da ke ɗaukar murya. Kaka ta ga kaset na juyawa ta gyara zama. Nufina in ɓoye nawa, gobe in nemo wani in ce na'ura ce ta yi gardama.

Ta gaida kowa da kowa, har akuyar gidan. Ta yi ƙarar babana a kan rowa. Can sai ta fara rera wata waƙar daka da ta ce ita da ƙanwarta suke yi suna 'yan mata. Ban taɓa jin ta tana waƙa ba. Tana gamawa alhaji ya yi sallama, ashe tafiyar ta matso. "Yalla, yalla, mota na jira!" Kaka ta zare kaset da hannunta, ta ƙulle a ƙyalle ta miƙa masa. Na bi shi da ido har ya fice.

Wata uku ina jiran duka. Da amsa ta iso, sai ga kaset ɗina ne, an shafe gefe guda. Muka taru aka kunna. Ƙanwar Kaka ta ce, "Yaya, mun tara dangi a gindin bishiya don mu ji ki, sai muka ji maza na kururuwa. Mun yi zaton rasuwa aka yi. To amma ta biyun nan mai sarewa, 'yan mata sun mayar da ita ta daka. In da wata a ƙaro."

Kawu ya faɗi ƙasa don dariya. Babana ya waiga neman takalmi, Kaka ta tare ni a bayanta tana share hawayen dariya. "Ƙyale ja'iri," in ji ta, "garayarsa ta riga ni zuwa gida." An sake ɗaukar gaisuwar, amma waƙar ta ƙi maimaitawa, ta ce ai ba kullum ake tashi da ita ba.

Yanzu 'ya'yana saƙon murya suke turawa Sudan a waya, Larabci ya fi yawa a ciki, kafin ka ƙifta ido amsa ta dawo. Waƙoƙin kaset ɗin duk na samo su, har da buhun da na kasa saye, kuma wallahi har yau suna sa ni kaɗa kai a mota. Ta Kaka ce babu inda ban nema ba, ko a ƙauyen ba wanda ya tuna ta. Sau ɗaya ta rera, ina zaune a gabanta, yatsana a gefen jan maɓalli.