Gogen Bayan Bango

Jiya 'yata ta kunna mini waƙoƙi biyu na mawaƙan Ireland masu haɗa goge da jita.

Ta ce, "Mama, wacce zan yi recommending wa ƙawata?"

Na ce, "Ni da na daina jin kiɗa?"

Ta ce, "Amma ƙafarki tana motsi."

Ina ƙarama, lokacin da kuɗin fetur ya kawo Baba karatu Landan, irin wannan kiɗan maƙwabcinmu yake sawa a unguwarmu ta Deptford. Baba ya ce goge ba na gidan mutunci ba ne. Idan Baba ya fita, Inna takan jingina da bangon da ya raba mu da maƙwabcin tana hawaye, wai Katsina take ji.

Na gaji da tuhumar kaina a kan jin kiɗa. Na zaɓi ta biyun.

Jama'a, kiɗa na saurara jiya, ko marigayiya Inna?