Magatakardan da Ya Zargi Iska

A shekarar 2022 aka kawo firinta marar waya wani ofishi a nan Nish. Magatakardan, mai rigar sanyi a tsakiyar Yuli, yana hararar kwamfutarsa domin ta ƙi haɗuwa da ita. Wata tsohuwa tana jiran takardar da asibiti ke nema kafin a yi mata aikin ido.

Ya tashi ya rufe tagogi. "Iska mai ratsa ɗaki ce, iya. Ita ta kashe kawuna, balle saƙon da kwamfuta ke aika wa firinta."

"Barasa ta kashe kawunka, ɗana. Duba ƙarƙashin tebur."

"Marar waya ce, me zan duba?"

Ina zaton bai taɓa sunkuya wa kowa ba. Har yau fulogin firintar yana ƙasa, tsohuwar kuma ba a yi mata aikin ba.