Sunayen da Malam Sahabi ya tafi da su

Malam Sahabi ya rasu. Ina tsakiyar yi wa wata saniya allura a Mabera da safen nan aka kira ni. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban ma san yadda na ƙarasa allurar ba.

Ga wanda bai san shi ba, farfesa ne na cututtukan dabbobi, irin waɗanda ƙwayar bairas ke haddasawa. Shi ya koyar da ni, shi ya duba aikin digirina na biyu. Rubuce-rubucensa a kan annobar awaki da tumaki, mai zuwa da majina da zawo ta share garke cikin 'yan kwanaki, har a ƙasashen waje ana kafa hujja da su. Amma in ka gan shi a ƙauye rataye da tsohuwar kularsa ta ƙanƙara, sai ka rantse mai tallar zoɓo ne.

Ranar da na fara ɗibar jini, wani bunsuru ya kai ni ƙasa a gaban mutane. Malam bai yi dariya ba sai da muka shiga mota, daga nan kuwa har gari bai daina ba.

Da mahaifiyata ta kwanta asibiti, shi ya riƙe min aikina na ɗakin gwaje-gwaje, farfesa guda yana wanke kwalabe.

Abin da ke cin raina shi ne wannan. Makiyayi ba ya son a rubuta sunansa, balle a ƙirga masa dabbobi. Masu bincike da yawa sun sha kora a rugagen bayan Wamakko saboda biro da takarda. Malam ya yi musu alkawarin ba zai rubuta sunan kowa ba, kuma ya cika. Kowace kwalbar jini sai ya yi mata alamar da shi kaɗai ya san ma'anarta. Wace ruga ce, garken wa, daga wace kasuwa aka sayo dabbar, duk a kansa suke. Firiza guda cike, wahalar shekara da shekaru, da ita yake son gano hanyar da cutar ke bi ta shigo mana.

Ganinmu na ƙarshe a gidansa ne, a Ƙofar Dundaye, bayan Juma'a. Ya rame, amma bakin nan yana nan. Ya riƙe hannuna ya ce, "Lawali, ka taho mu zagaya rugagen ga in nuna ka gare su, in hwaɗa maka kowace alama. Abin ya yi mani nauyi, ba ni son in tahi da shi."

Na ce ya bari sai bayan Babbar Sallah, lokacin raguna ne, aiki ya sha min kai. Ya ce to, Allah shi kai mu.

Sallah ta wuce da daɗewa. Ban je ba. Ba ni da wani uzuri, kullum gobe.

Yanzu kwalaben suna nan, jinin yana nan, babu mai iya cewa na dabbar wa ne. Ban ga wanda zai sake samun wannan yardar ba, ban kuma ga ranar da za a sake tara irin wannan ba. Wallahi zuciyata ta karye.

Bayan an rufe shi ɗazu, wani dattijon Bafulatani ya yi ta tambayar mutane har aka nuno masa ni. Ya dube ni ya ce, "Malam ya ce muna akwai ɗalibi nai da za shi kawo muna. Kai na?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "Mun daɗe muna jiran ku."



Ya Allah ka gafarta wa Malam, ka haskaka kabarinsa, ka sa amanar da ya riƙe ta tsaya masa. Ka ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa addu'a. Ni ma ku roƙa min gafara, ya kira ni ban je ba.