Garin da Ya Zubar da Wuƙaƙensa

A ƙauyenmu da ke arewa da Ɗanbatta, ba ka yin tafiya mai nisa ba ka shiga gonar wani ba. Gida jingine da gona, gona jingine da wani gidan, iyakar kowa kuwa layin gamba ne kawai. Idan aka gama girbi, gero da dawa suka shige rumbu, sanyi ya fara sa mutane neman mayafi, to lokacin Iya ya kama.

Iya ita ta haifi babanmu. Sunanta aka sa mini, shi ya sa a gida ake ce mini Kulu, ita kuwa ba ta kirana sai da takwara. Doguwar mace ce, ba ta da jiki, amma tafin hannunta kamar na manomi. Da an yi sallar magariba an ci tuwo, sai ta sa mu kwaso kara da ɓawon gyaɗa mu hura wuta a ƙofar ɗakinta. Mu jikoki mu kewaye wutar, ita kuma ta tura dankali cikin toka, ta miƙe ƙafa a tabarma.

Ba ta iya zama haka kawai, kuma yawanci wuƙarta ce a hannunta. Ba irin ta yankan albasa ba. Tsawonta ya kai daga gwiwar hannu zuwa yatsu, bayanta mai kauri, kubenta na fata ya yi baƙi saboda daɗewa. Mahaifin Iya maƙeri ne, shi ya ƙera mata ita. Da ita take fasa kabewa, da ita take datsa mana rake, ta feƙe turken akuya, ta daidaita karan danga. Da rani ta saro wa dabbobi ganye. Ranar da kububuwa ta shiga ƙarƙashin rumbu, kafin maza su gama neman sanda Iya ta riga ta gama da ita, ta koma kan surfenta.

Wata rana a makarantar allo wata ƙawata ta ce mini wai kakarmu tana ajiye wuƙar 'yan fashi. Na yini da maganar a raina. Da aka hura wuta na kasa haƙuri.

"Iya, me mace za ta yi da ƙatuwar wuƙa haka? Cewa aka yi irin ta 'yan fashi ce."

Ta dube ni ta gefen ido, ta ci gaba da ɓare raken da ke hannunta. Can ta ce, "Ku matso. Ga ta nan tafe, ta sha hanya."

Muka amsa yadda ta koya mana, "A ba ta ruwa, ta zauna mu ji ta."

Ta ce a wani gari, mutum biyu suka yi faɗa a kan iyakar gona, ɗaya ya zare wuƙa ya sari ɗan'uwansa a hannu. Ran dagaci ya ɓaci ƙwarai. Ya sa aka yi shela, duk wani ƙarfe mai kaifi da ya wuce tsawon tafin hannu a kawo shi: wuƙa, adda, lauje, gatari. Aka tara, aka zuba a tsohuwar rijiya. Wanda duk aka kama da ko ɗaya, korarsa za a yi daga garin.

Ƙanena ya ce, "Har fartanya?"

"A'a, ya bar musu fartanya. Shi ma ai yana son tuwo."

Nan Iya takan ɓata lokaci, don ta san wurin dariyarmu ne. Mata suka koma fasa kabewa da taɓarya, ta tarwatse, kaji su kwashe rabi. Ranar suna aka kayar da rago, aka rasa abin yanka, aka je roƙon wanzami askarsa, ya rantse ba da tasa ba. Akuya ta sarƙe da igiya, mai ita ya durƙusa yana cizon igiyar da haƙori.

To, a bayan garin akwai sarƙaƙiya, ƙayar nan mai yaɗo da ake sarewa duk shekara. Bana ba abin sara. Damina ta sauka, sarƙaƙiya ta sha ruwa ta fara tafiya. Ta toshe hanyar kasuwa, mutane suka ce a kewaya. Ta toshe hanyar rafi, suka ce a yi haƙuri. Rannan dagaci ya fita masallaci, kafin ya dawo ta naɗe gidansa tun daga zaure har katangar baya, iyalinsa duka suna ciki, ga ƙaramar 'yarsa kwance da zazzaɓi, randa ba ruwa. Maza suka ja da hannu har jini ya wanke musu yatsu. Wani ya ce a sa wuta, aka ce to mutanen ciki fa? Dagaci ya tsaya yana jin kukan 'yarsa, ya rasa abin yi.

Akwai wata yarinya, Ladi, 'yar maƙerin garin. Ubanta ya rasu ya bar ta da tsohuwar uwa da wuƙa guda, ta ƙarshe da ya ƙera. Ranar shela ta kasa jefa ta, ta cusa ta cikin jinkar ɗaki. Lokaci lokaci takan ciro ta, ta wasa, ta shafa mata man gyaɗa, ta mayar. Ranar nan da ta ciro ta za ta fita, uwar ta riƙe mata zani ta ce, "Idan kika fita da ita, ina za mu je da tsufana?" Ladi ta ce, "Inna, yarinyar can ƙishirwa take ji."

A nan Iya takan ɗaga wuƙarta, hasken wuta ya bi kaifin, ta riƙa datsa rake tana rera waƙar da ta ce Ladi ta yi:

"Sara, sara, 'yar maƙera,
Ba jini na zo nema ba,
Hanya na zo buɗewa."

Mu kuma mu amshe, kowa na jiran guntunsa ya faɗo.

Ladi ta yi ta sara tun hantsi har rana ta karkata, ƙaya ta yage mata hannu, sannan ta ɓulla tsakar gida. Aka shiga da ruwa, aka fito da yarinya. Da hankali ya kwanta, dagaci ya sa aka kira ta gaban jama'a.

"Ashe kin saɓa umarnina?"

"Na saɓa, ranka ya daɗe. Amma wanda ya sari ɗan'uwansa yana nan yana cin tuwo da hannun da ya yi saran. Shi ka bar shi, mu ka zubar mana da abin aikinmu."

Daga baya dagaci ya sa aka shiga rijiya aka kwaso ƙarafan, duk tsatsa ta cinye su, sai da aka yi wata da watanni ana gyara. Wanda ya yi saran kuwa aka sa shi noma gonar wanda ya sara har hannunsa ya warke.

"Ta ƙare, ta naɗe tabarmarta," in ji Iya. "Mai son ƙari ya bi ta da gudu."

Ta tono dankali ta raba mana, sannan ta juyo kaina. "Takwara, ki gaya wa ƙawarki, ɗan fashi ɓoye tasa yake yi. Ni tawa kowa ya san inda take rataye, ya kuma san aikin da ta yi yau."

Na ce, "Ai Ladi ma ta ɓoye."

Ta yi dariya har da tari. "Ta ɓoye. Amma da ranar ta zo, a gaban wa ta fito da ita?"

Washegari na shiga makaranta ina taku ɗai-ɗai, kamar ni ce na buɗe hanyar gidan dagaci.

Lokacin aurena ƙarfin Iya ya ƙare, ko tsakar gida sai an riƙe ta. Duk da haka ta tasa babanmu gaba sai da ya je wurin maƙera ranar kasuwar Ɗanbatta, aka ƙera mini irin tata, aka sa cikin kayan ɗakina. 'Yan kai amarya suka yi ta tsokana wai a gargaɗi ango. Ban ji kunya ba ko kaɗan. Ba a daɗe ba Allah ya karɓi Iya. Mu kuma daga baya muka koma birni, unguwar Bacirawa, saboda maigidana yana harkar hatsi a kasuwar Dawanau. Na kafa ƙusa a madafi na rataye wuƙata.

A gari, babbar wuƙa a hannun saurayi wata magana ce daban. Na san haka, amma ban taɓa kawo ɗana Sani cikin lissafin ba, don yaro ne mai sanyin hali. Sai ranar da ake suna a gidan maƙwabciyarmu. Bayan la'asar na shigo in ɗauki wuƙar, saboda mata suna can suna fama da ƙashin rago da 'yan ƙananan wuƙaƙe. Na tarar da ƙusa ba komai. Ina juyowa na ga Sani zai fita, yana tafiya ƙafa ɗaya a sandare. Tun rana na ji ana cewa samarin wani layi sun yi wa abokinsa duka a filin ƙwallo, na layinmu suna taruwa za su je ramuwa.

Na riga shi zuwa ƙofa na tsaya.

"Fito da ita."

"Umma, wallahi tsorata su kawai zan yi."

"Wannan ba ta san tsoratarwa ba, Sani. Duk abin da aka ɗora ta a kai, raba shi take yi."

Ya zaro ta daga cikin wando, idonsa jajur. Ya miƙo mini, na ƙi karɓa. Na ce tunda ya ɗauko ta, sai ya yi mata aikinta. Na kama hannun rigarsa har gidan suna, na ce wa mata ga mai fasa muku ƙashi. Aka ajiye masa kututture, aka ɗora cinyar rago. Da haushinsa ya ɗaga ya sauke. Sara ɗaya, ƙashin ya rabu biyu, ɓargo ya fito. Sai ya tsaya. Ya dubi ƙashin, ya dubi nasa hannun, kaurinsu kusan ɗaya. Abokansa suka yi ta kiransa da fito daga waje har suka gaji suka tafi, shi kuwa yana nan durƙushe yana sara har aka kira magariba. Cikin waɗanda suka je, akwai wanda har yau ba ya iya dunƙule hannunsa, wasu kuma a hannun hukuma suka kwana.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Iya labarin jarumtar Ladi ce kawai. Sai a bakin ƙofar nan na gane abin da take nufi. Da na bi tsorona, da na ƙwace wuƙar na jefa a masai, in yi irin ta dagaci, in bar yaron da fushinsa ya je ya nemi wata a waje. Iya ba ta taɓa ɓoye mana tata ba, ba ta kuma taɓa barin mu yi wasa da ita ba. A gabanmu take aiki da ita kullum, har muka san nauyinta, muka san abin da take yi wa ice da ƙashi. Wanda ya san wannan da hannunsa, da wuya ya ɗaga ta a kan mutum.

Yanzu Sani ya zama magidanci. Duk babbar sallah, tun kafin a sauko daga idi yara ke fara sallama a ƙofata, wannan daga gidan Alhaji wane, wancan daga gidan Malam wane, don a layinmu ba wanda ya kai shi iya fiɗa da rabon nama.

"Umma, wai an ce a ba mu aron Sani da wuƙarsa."

Nakan gyara zama in ce, "Wuƙar dai tawa ce. Amma ku je da shi, ya san hannunta."