Yaya Uwaisu da Gwajin Kwamfutar Masaƙa

A gidanmu na Panshekara ni ce mai riƙe labarin kowa, don ni na yi sakandare, kuma ni ke zama wajen tsofaffi. Na Yaya Uwaisu ne kaɗai nake jin nauyin rubutawa, amma shi ya ce in rubuta, kada in rage komai.

Shi ne babba a ɗakinmu. Lokacin da aka haife shi, inda masana'antun Challawa suke yanzu duk gonakin dawa ne, tamu ma tana ƙarƙashin wani sito. Tun yana ƙarami mai kunya ne. Inna takan ce ko akuya ya tarar a hanya sai ya kauce mata. Da ya gama makarantar koyon sana'a ya sami aikin akawu a wata masaƙa, ya auri Sauda, 'yar Malam Isyaku shugaban sashen rini. Tun ranar ɗaurin aure bai ƙara haɗa ido da Malam ba. In ya hango shi a bakin get, sai ya sauka daga keke ya durƙusa.

A 1985 kamfanin ya kawo kwamfuta don kula da tukwanen rini, aka ɗora Yaya a kanta. Ga yadda ya bayyana mini ita. Ayyuka biyu take gudanarwa, kowanne da allonsa. Ɗaya a ɗakin rini, inda Malam zai danna cewa akwai mutum a bakin tukunya, kada a saki tururi. Ɗayan a ofishin Yaya, daga nan ake ba da umarnin sakin tururin. Ayyukan nan ba sa ganin juna. Abin da ya haɗa su wani ɗan gurbi ne can cikin ƙwaƙwalwar na'urar, inda kowanne ke ajiye saƙonsa ɗayan ya karanta. Abin tsoron shi ne in suka rubuta a lokaci guda, saƙon wani ya shafe na wani.

Wannan ne Injiniya Idrisu, wanda ya haɗa na'urar, ya so a gwada kafin a fara aiki da ita. Ya jera allunan biyu a tebur ɗaya, ya zaunar da Malam da Yaya kafaɗa da kafaɗa.

"Tare za ku riƙa dannawa, kada wani ya jira wani," in ji shi. "Ku yi ta yi har azahar. Saƙo ya ɓace ko sau ɗaya ne, ku gaya mini. Ni zan leƙa Bompai. Kai kuma ango, yau dai a bar kunya a get."

Ya fita yana dariya.

"Bismillah, Malam Uwaisu," in ji Malam.

"Ku fara, Baba."

"Ai cewa ya yi tare."

"To, Baba."

Amma yatsan Yaya ya ƙi. Duk sanda suka ɗaga hannu, sai nasa ya ɗan tsaya, sai ya ji ƙarar madannin Malam sannan ya danna. Ɗan jinkiri ne wanda ido ba ya kamawa, Malam ma bai lura ba. Yaya ya lura. Ya ce a ransa, wannan ɗan taƙin me zai hana? Da Injiniya ya dawo ya tambaya, sai ya ce, "Lafiya lau, ko ɗaya bai ɓace ba."

Aka yi watanni ana aiki. Wata safiya Ado, wani ma'aikaci mutumin Magarya, ya sunkuya yana gyara bakin tukunya. Malam ya danna a ɗakin rini, Yaya ya danna a ofis, babu mai ganin wani balle ya jira shi. Tururi ya fito ya dafa hannun Ado tun daga kafaɗa.

Malam ya rantse ya danna. Aka duba na'ura, babu saƙonsa. Manaja ya ce na'ura ba ta mantuwa, tsufa ke sa mantuwa, aka sallami Malam. A unguwa aka fara cewa shi ya ƙona bawan Allah sannan ya rantse a kan ƙarya.

Yaya ya yi shiru damina guda. Ya rame, tuwo sai ya taɓa ya ture. Mu muna zaton ciwon abin da ya sami surukinsa ne ke cin sa. Ran nan Sauda ta dawo daga gidansu tana share hawaye, a gabana ta ce masa, "Baba fa ya daina rantsuwa. Yanzu cewa yake wataƙila dai ya manta. Jiya alwala ya yi ta maimaitawa, wai bai yarda da kansa ba."

Washegari Yaya ya nemi Injiniya Idrisu, ya gaya masa yadda gwajin ya gudana. Suka sake gwajin su biyu, ba mai jiran wani. Kafin shayinsu ya huce saƙo ya ɓace. Injiniya ya dafe kai ya ce, "Ni ma wa ya aike ni haɗa mutum da surukinsa a tebur ɗaya?" Aka gyara na'urar, aka cire Yaya daga kanta aka mai da shi sito, inda yake har yau.

Da la'asar ya je zauren Malam, ya durƙusa, ya faɗi komai yana kallon tabarma. Malam ya dube shi.

"Ashe na danna?"

"Kun danna, Baba."

"Ka tabbata, Malam Uwaisu?"

"Wallahi kun danna. Ni ne ban yi abin da aka sa ni ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Malam. "Tashi. Nawa mai sauƙi ne. Je ka nemi yaron nan."

Kamfani ya aiko Malam ya koma, shi kuwa ya ce ya gode, ya huta. Yaya kuma ya hau mota zuwa Magarya, ya sami Ado a gona yana noma da hannu ɗaya. Ado ya saurare shi har ƙarshe, ya ce ya yafe, ya sa aka kawo masa fura. Yaya ya ce da Ado ya zo miƙa masa ƙwaryar, sai da ya tokare ta da ƙirji, don hannun ba ya miƙewa. Ya karɓa, amma ya kasa sha.